Ina son in zama mai binciken kufai: me aikin ya ƙunsa, kuma ta ina ake shiga?

"Assalamu alaikum Malam. Na kusa gama sakandare, kuma tun ina ƙarami nake sha'awar kayan mutanen da. Ina son in karanta ilimin haƙo kayan tarihi a jami'a, amma a gida ana ce mini wannan ba sana'a ba ce, wai daga tonon rami sai yawon daji, kuma ba a samun aiki bayan an gama. Don Allah mene ne ainihin aikin mai wannan ilimi, me ya kamata in karanta, kuma mutum zai iya riƙe kansa da shi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Tambayoyi uku ka dunƙule a ɗaya: mene ne aikin, wane karatu ke kai mutum gare shi, kuma ko yana riƙe mai shi. Mutanen gida suna da gaskiyarsu, domin akwai tonon rami, akwai shiga daji, guraben aiki kuma ba su da yawa. Sai dai tonon shi ne kaso mafi ƙanƙanta na sana'ar. Zan fi daɗewa a kan yadda aikin yake, saboda da yawa daga cikin ɗaliban da ke sanyin gwiwa a tsakiyar karatu, abin da suka tarar ne ya saɓa da abin da suka zo nema.

Abin da ake nema a cikin ƙasa

Wannan fanni, da ake kira akiyoloji ko ilimin kufai, nazarin rayuwar mutanen da suka shuɗe ne ta hanyar abin da suka bari. Mutane, ka lura. Masu haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare kafin zuwan ɗan Adam wani fanni ne daban. Mai tarihi yana aiki da rubutu da abin da aka ji daga bakin magabata. Mai binciken kufai yana aiki da tsingaro, gawayi, toka, ƙashin dabba, kashin ƙarfe da maƙera suka zubar, dutsen niƙa, tushen katanga, ramin shara. Zinariya da mutum-mutumi suna fitowa jefi-jefi, amma mutum na iya yin shekara talatin a sana'ar bai taɓa ɗaga ko ɗaya ba, kuma ya zama babban masani.

Abin da ke ba kowane abu daraja shi ne mazauninsa: a wane wuri daidai aka same shi, a cikin wace shimfiɗar ƙasa, me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa, da me yake tare. Tukunyar da aka kawo maka a hannu tukunya ce kawai. Tukunyar da aka samu a kife a kan daɓen ɗakin da ya ƙone, da ƙonannen hatsi a cikinta, tana gaya maka abin da mutanen suke nomawa, da lokacin da gobarar ta auku, da irin tukwanen da ake ginawa a wannan zamani.

Daga nan ne babbar ƙa'idar sana'ar ta fito: haƙa rushewa ce. Mai gwaji a ɗakin kimiyya idan ya yi kuskure sai ya sake. Shimfiɗar ƙasar da ka kwashe kuwa ta tafi ke nan har abada, abin da ya rage a duniya shi ne abin da ka rubuta, ka zana, ka ɗauka a hoto. Heinrich Schliemann, Bajamushen da ya haƙa tudun Hisarlik a ƙasar Turkiyya ta yau tun daga farkon shekarun 1870 yana neman birnin Troy na zamanin yaƙin da tsofaffin labaran Girkawa ke ambata, ya keta tudun da wani katafaren rami har ƙasa, ya lalata da yawa daga shimfiɗun zamanin da yake nema. Taskar zinariyar da ya samu a 1873 ta girmi wancan zamanin da kusan shekara dubu. Haka kuma mutum-mutumin yumɓu na Nok a Najeriya, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928: ɗimbin waɗanda ɓarayin kufai suka tone suka sayar a kasuwannin ƙetare sun zama kayan ado kurum, ba wanda zai iya cewa a wane irin wuri aka ajiye su ko don me. A wannan sana'a da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma sau da yawa shawarar ƙwararre ita ce a bar wurin yadda yake, ko a haƙa ɗan yanki a bar saura ga masu zuwa da kayan aikin da suka fi namu.

Kafin diga ta taɓa ƙasa

Aiki yana farawa da tambaya, misali yaushe aka fara narkar da tama a wannan kwari, ko me ya sa aka tashi daga wannan gari. Sai izini a rubuce daga hukumar da doka ta ɗora wa kula da kayan tarihi, sai yardar mai fili da shugabannin mutanen wurin. Wanda ya tsallake wannan mataki na ƙarshe zai tarar an tumɓuke masa turaku da dare, kuma shi ya jawo. Bayan haka a karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan yankin, a duba tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan Adam.

Sannan a taka filin. Mutane su jeru, tsakanin kowane biyu mita 10 zuwa 20, su yi tafiya a miƙe suna duban ƙasa, ana rubuta wurin da tsingaro ko kashin ƙarfe ya yi yawa da na'urar nuna wuri ta GPS. Inda akwai hali ana amfani da na'urorin da ke hango abin da ke binne ba tare da tono ba: mai auna maganaɗisun ƙasa tana nuna murhu da ƙonanniyar ƙasa sosai, mai aika igiyar rada tana nuna katanga da kabari. Akwai kuma hasken leza da ake harbawa daga jirgin sama, wanda ke ratsa tsakanin ganyen itatuwa ya zana doron ƙasa. Da shi aka gano gine-gine sama da 60,000 na mutanen Maya a dajin arewacin Gwatamala, aka bayyana sakamakon a 2018.

A cikin rami

Ana shata ramin da turaku da kirtani, galibi mita 1 sau 1 ko 2 sau 2 idan gwaji ne, ko fili mai faɗi idan ana son ganin tsarin gida. Kusurwa dole ta miƙe daidai. Hanya mafi sauƙi ita ce awon 3, 4, 5: gefe ɗaya mita 3, ɗayan mita 4, idan tsakanin ƙarshensu ya ba da mita 5 to kusurwar ta yi. Murabba'i mai mita ɗaya kuma daga kusurwa zuwa kusurwa mita 1.414 ne. Sai a kafa wani tabbataccen wuri, dutse ko turken siminti, wanda daga shi ake auna zurfin komai. Idan wannan turke ya motsa a tsakiyar aiki, duk awon da aka yi bayan nan ya rikice.

Ƙasa tana taruwa hawa-hawa, kuma ana kwashe ta ne a juye: abin da ya zo ƙarshe shi ake fara cirewa. A baki abin da sauƙi. Wahalar ita ce mutane ba sa barin ƙasa ta kwanta lafiya. Wani ya haƙa ramin shara shekara ɗari biyar bayan an bar wurin, ramin ya ratsa shimfiɗa uku, ya cika shi da kayan zamaninsa. Idan ba ka ga bakin wannan rami ba, ka ci gaba da kankarewa bai ɗaya, za ka cuɗa sabo da tsoho a jaka guda, ka fitar da labarin da bai taɓa faruwa ba. Saboda haka ake kwashe cikin ramin daban tukuna, a ba ramin kansa lamba, a ba abin da ya cika shi wata lambar. Gara, gafiya da saiwar itace su ma suna ɗaukar ƙananan abubuwa daga sama su kai ƙasa, kuma dole a shata inda suka bi. Don a iya riƙe wannan jerin na wa ya riga wa, Edward Harris ya ƙirƙiro wani zane a 1973 a Ingila, inda kowace lamba ke cikin akwati, layuka suna nuna wanda ke sama da wanda ke ƙasa. Har yau da shi ake aiki.

Babban makami shi ne ƙaramin cokalin gini mai tsini, tsawon bakinsa kamar santimita 10. Da gefensa ake kankarar ƙasa a jawo ta wajen jiki, ana ja da baya, don kada a taka inda aka share. Ba a soka tsininsa a ɓamɓaro abu. Duk abin da ya leƙo ana barinsa a mazauninsa har a share kewayensa, a auna, a ɗauki hoto. Diga da shebur da baro suna da ranarsu, a shimfiɗa mai kauri wadda aka riga aka fahimta. Canjin shimfiɗa kuwa sau da yawa hannu ne ke fara jinsa kafin ido ya gani: ƙasar ta yi tauri, ko ta yi laushi, ko ƙarar cokalin ta sauya. Rana tana busar da ƙasa ta shafe bambancin launi, shi ya sa ake fesa ruwa kaɗan kuma ake son duba bangon rami da sassafe.

Kowace lamba tana da takardarta: launin ƙasa bisa littafin launuka na Munsell, domin jar ƙasa a idonka ba ita ce ja a idon wani ba, sai laushinta, abin da ke cikinta, kaurinta, da dangantakarta da maƙwabtanta. Ana zana shimfiɗar daga sama, galibi a ma'aunin 1 bisa 20, bangon rami kuma 1 bisa 10. Kowane hoto da sandar awo a ciki, da kibiya mai nuna arewa, da allo mai lambar wurin. Yanzu ana ɗaukar hotuna da yawa daga kusurwoyi daban-daban kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar ramin gaba ɗaya, amma wannan bai soke zanen hannu ba, domin mai zane dole ya yanke hukunci a kan inda wannan shimfiɗa ta ƙare waccan ta fara, kyamara kuwa ba ta yanke hukunci.

Ƙasar da aka kwashe ana tankaɗe ta a rariya mai ido kamar milimita 5, a tsince duwatsun ado da ƙananan ƙasusuwa. Daga murhu, daɓe da ramin shara kuma ana ɗebe lita 10 zuwa 40 a zuba a ruwa a motsa. Ƙonannen iri da gawayi sai su taso sama, a tare su da ƙyalle mai ido ƙasa da rabin milimita, a shanya a inuwa. Tarihin noma kusan duk daga wannan ɗan baƙin gari yake fitowa.

Kurakuran da suka fi ɓata aiki ƙanana ne. Jaka babu lamba, ko an rubuta lambar da alƙalamin da rana ke gogewa, don haka ake rubutawa a jikin jaka kuma a jefa wata takardar da ruwa ba ya ci a ciki. Tsingaro mai danshi da aka ɗaure a leda yakan yi fumfuna. Ƙarfe ba a wanke shi da ruwa, tsatsa za ta cinye shi. Tukunyar da ke da baƙin ɓawo a ciki ba a goge ta, domin ragowar abin da aka dafa ne kuma ana iya gwada shi. Barin cike takarda sai gobe shi ne mafi muni, don gobe shimfiɗar babu ita.

Akwai kuma lafiyar jiki. Bangon rami yana ruftawa ba sallama, musamman a ƙasa mai yashi ko bayan ruwan sama. Idan zurfi ya wuce kamar mita 1.2 sai a tokare bango ko a faɗaɗa ramin matakala-matakala, kuma tsibin ƙasar da aka fitar ya yi nesa da baki da aƙalla mita ɗaya. Gwiwa, ƙugu da wuyan hannu su ne ke fara tsufa a jikin mai wannan aiki. Idan aka ci karo da ƙashin mutum, aiki yana tsayawa, a rufe wurin, a sanar da hukuma da shugabannin jama'a, domin yana iya zama kabarin kakan wani ko ma lamarin 'yan sanda.

Bayan an mayar da ƙasa

Wata ɗaya a fili yakan haifar da watanni da yawa a ɗaki. A wanke tsingaro dubbai, a rubuta wa kowanne lamba, a ware su bisa yumɓu da ado da siffar baki, a ƙirga, a auna nauyi, a zana, a shigar a kwamfuta. Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a Nuwamba 1922, amma kwashe kayan cikinsa sama da 5,000 da rubuta bayaninsu ya ci kusan shekara goma. Labarin ranar ganowa ake bayarwa, shekara goman ita ce sana'ar.

A nan ake neman shekaru. Hanyar da ta fi shahara ita ce ta sinadarin kabon 14, wadda Willard Libby ya fito da ita a ƙarshen shekarun 1940 a Amurka, ta kai shi ga kyautar Nobel a 1960. Duk mai rai yana ɗaukar wannan sinadari, idan ya mutu sai ya fara raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Tana aiki a kan gawayi, iri, ƙashi da itace, har zuwa kimanin shekara 50,000. Dutse da ƙarfe zalla ba ta aiki a kansu. Da ita aka san cewa kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a Jihar Yobe, ya kai kimanin shekara 8,000. Sai dai gwajin yana faɗa maka lokacin da itacen ya mutu ne, ba lokacin da aka hura wutar ba. Idan da tsohon kututture aka yi girkin, sakamakon zai girmi murhun da ɗaruruwan shekaru, shi ya sa ƙonannen ƙwayar hatsi ta fi guntun gawayi daraja. Kuma sakamako ɗaya ba hujja ba ne, ana son da yawa daga shimfiɗu mabiya juna, su jeru yadda hankali zai ɗauka. Yumɓun da aka gasa da yashin da aka binne suna da nasu gwajin, mai auna tsawon lokacin da suka yi rabonsu da wuta ko hasken rana.

Ƙarshen komai rahoto ne. Haƙar da ba a rubuta rahotonta ba, bambancinta da ta ɓarawo kaɗan ne. Kuma rahoton kirki yana iya juya tarihi. Aikin Gertrude Caton-Thompson a 1929 ya tabbatar da cewa 'yan Afirka ne suka gina Babbar Zimbabuwe, tsohon birni mai katangun dutse a ƙasar Zimbabuwe ta yau, a lokacin da Turawan mulkin mallaka ke jingina ta ga baƙi. Aikin Roderick da Susan McIntosh a Jenne-jeno ta ƙasar Mali daga 1977 ya nuna an zauna a wurin tun wajen shekara 250 kafin Miladiyya, har ya zama birni kafin fataucin Larabawa ta Sahara ya bunƙasa.

Karatun

A sakandare ka riƙe tarihi da labarin ƙasa, amma kada ka yar da lissafi da kimiyya, domin awo, ƙididdiga da sinadarai suna cikin aikin kullum. Ka kuma gyara rubutunka a harshen da jami'arka ke koyarwa da shi. Digirin farko shekara uku ne ko huɗu dangane da ƙasa. A wasu jami'o'i fannin yana da sashensa, a wasu yana haɗe da tarihi, a Amurka kuma galibi yana ƙarƙashin ilimin nazarin ɗan Adam da al'adunsa.

Kafin ka zaɓi sashe, tambaya ɗaya ta fi sunan jami'ar muhimmanci: mako nawa ɗalibi ke yi a fili kafin ya gama, kuma malaman suna da haƙar da suke gudanarwa yanzu? Wanda ya gama digiri bai taɓa cike takardar shimfiɗa ba, bai taɓa zana bangon rami ba, duk mai ɗaukar aiki zai gane shi a rana ɗaya. Kowane hutu ka nemi shiga tawagar wani, ko da aikinka tankaɗe ne da wankin tsingaro, kuma ka ajiye littafi kana rubuta wurin, kwanakin, abin da ka yi da sunan shugaban aikin. Wannan littafi ne takardar shaidarka ta gaskiya. Duniyar masu wannan ilimi ƙarama ce, kowa ya san kowa, kuma ɗalibin da ake samun jakunkunansa da lamba daidai, sunansa yana riga shi isa wurare.

Digirin farko yana mayar da kai ma'aikacin rami. Shugabantar haƙa ko samun lasisi da sunanka a ƙasashe da yawa sai da digiri na biyu, koyarwa a jami'a kuma sai da na uku. Shawarata ita ce kada ka shiga digiri na biyu ba tare da ka zaɓi abu guda da za a riƙa nemanka dominsa ba. Masu iya riƙe cokali suna da yawa. Waɗanda ake bi da waya su ne mai gane ƙasusuwan dabbobi, mai gane iri a ƙarƙashin madubin ƙara girma, masanin tukwane na wani yanki, masanin ƙashin mutum, mai nazarin narkar da ƙarfe, mai gyara da adana kayan da suka fara lalacewa, da mai sarrafa taswira a kwamfuta. Na ƙarshen nan za ka iya fara koyonsa yau, domin manhajar QGIS kyauta ce. Zane ma ƙofa ce babba: Carter ya shiga Masar yana ɗan shekara 17 a matsayin mai kwafar zanen bango, Mary Leakey kuma, wadda tawagarta ta gano sawun ƙafafu masu shekara sama da miliyan uku da rabi a Laetoli ta Tanzaniya a 1978, da zanen kayan dutse ta fara, ba ta da digiri. Zamanin shiga babu takarda ya wuce, amma darajar hannun da ya iya zane tana nan. Ƙara da lasisin tuƙi da harshe na biyu, musamman Faransanci ko Larabci ga mai son aiki a Afirka.

Maganar abin rufin asiri

Kada in ɓoye maka, ba a yin arziki da wannan sana'a, kuma masu digiri sun fi guraben yawa kusan a ko'ina. Ƙofofin da ake shiga su ne koyarwa da bincike a jami'a, wadda ita ce mafi ƙunci. Gidajen tarihi da hukumomin gwamnati masu ba da lasisi, rajistar kufai da kula da wuraren tarihi, inda albashi ba shi da yawa amma akwai tabbas. Sai aikin ceto kafin gini.

Wannan na ukun shi ne ya fi ɗaukar mutane a ƙasashen da doka ta tsaya masa. Ma'anarsa, kafin a yi hanya, madatsar ruwa, bututun mai ko rukunin gidaje, sai an binciki filin, kuma sau da yawa mai ginin ne ke biya. Amurka ta kafa tushensa da dokar adana wuraren tarihi ta 1966, Ingila ta shigar da shi cikin ƙa'idar ba da izinin gini a 1990, ƙasashen Turai suka sa hannu a yarjejeniyar Valletta a 1992, Faransa kuma tana da hukuma guda mai suna Inrap da ke wannan aiki tun 2002. A waɗannan wurare yawancin masu binciken kufai ma'aikatan irin wannan aiki ne, suna sanye da hular kwano, suna aiki a gaban motar tono da wa'adi a wuyansu. Farkon shiga kwantiragi ne na makonni ko watanni, daga wannan gari zuwa wancan, kuma wannan yawo ne ke fitar da mutane da yawa daga sana'ar idan iyali ya zo. Inda dokar ba ta da ƙarfi kuwa, irin wannan aiki yana zuwa ne ta manyan ayyukan da masu ba da bashi irin su Bankin Duniya ke sa wa sharaɗin duba kayan gado da tsarin abin da za a yi idan an ci karo da wani abu ana cikin tono. Mai ilimin kufai da ya iya rubuta rahoton tasirin aiki a kan muhalli yana da wurin zama a nan.

A nan amsata take da iyaka, domin albashi, sharaɗin lasisi da yawan gurabe abubuwa ne da suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa kuma suke sauyawa. Abin da zai ba ka hoton wurinka shi ne ka nemi mutum uku ko huɗu da suka gama wannan sashe shekara biyar da suka wuce, ka tambaye su abin da suke yi yanzu. Za ka samu wasu a cikin sana'ar, wasu a safiyo, taswira, koyarwa, yawon buɗe ido ko aikin jarida. Shi ya sa na nace a kan ƙwarewar da ke da kasuwa a wajen fannin, ita ce ke riƙe mutum a tsakanin kwantiragi biyu.

Wata ƙofar kuma za ta buɗe maka da kanta, kuma ina gargaɗinka a kanta tun yanzu. Dillalan kayan tarihi suna neman mai ilimi ya nuna musu wuri, ko ya sa hannu a takardar cewa kaya na gaske ne. Kuɗinsu ya fi albashi nesa ba kusa ba. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana safarar irin waɗannan kaya ba bisa ƙa'ida ba, dokokin ƙasashe da yawa sun sa ɗauri a kai, kuma wanda aka taɓa jin sunansa a wannan harka babu tawagar da za ta sake ɗaukarsa. Ko tsingaro ɗaya mai binciken kufai ba ya kaiwa gida, kayan na gidan tarihi ne.

Kafin ka cike takardar neman gurbi

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma wannan gwajin bai fi ƙarfinka ba. Je gidan tarihi ko sashen jami'a mafi kusa da kai, ka ce kana son taimakawa a lokacin hutu. Ka roƙi a ba ka aikin da kowa ke gudu, wato wankin tsingaro da rubuta musu lamba, na mako biyu. Idan akwai haƙa a kusa, ka yi mako guda a bakin rariya. Ka lura da kanka a rana ta biyar, lokacin da ɗokin ya kwanta, bayanka ya ƙage, kuma ba a samu komai ba sai guntayen tukwane masu kama da juna. Idan a ranar ka fara ganin cewa ba su kama da juna ba, wannan an yi masa ado da kirtani, wancan da tsinke, wannan bakinsa ya lanƙwashe waje, har kana tambayar wanne ya riga wanne, to ka cike takardar. Ka tafi wurin mutanen gida da sunayen waɗancan tsofaffin ɗalibai da ayyukan da suke yi, da kuma ƙwarewa ta biyu da ka zaɓa za ka haɗa da karatun.